Littafin Taswira a Kwatar Majema

Wata Asabar ce a ƙarshen watan Agusta, shekarar da nake aji huɗu na firamare, aka tura ni gonarmu da ke bayan masana'antun Challawa in kori tsuntsaye daga gero. Na tafi da gwangwanin madara biyu masu tsakuwa a ciki, da ɗumamen tuwo a kwano, da kuma wani abu da babu wanda ya san na ɗauka: wani ƙaton littafin taswira mai shuɗin bango, na naɗe shi a tsohon zanen Umma na ɗora a kai kamar mai zuwa talla. Ran nan tsuntsaye sun ci gero son ransu, domin tun da na zauna a gindin ɗorawa na buɗe littafin ban ƙara kaɗa gwangwani ba. Ban ankara da hadarin da ya haɗo daga gabas ba sai da iska ta fara juya mini shafuka. Na tashi a guje, rungume da littafin a ƙirji. Tsakanin gona da gida akwai wata kwata da ruwan majema ke bi, an gicciya mata itacen giginya ana takawa. Kullum ta nan nake wucewa, har da tulu a kai, amma ran nan ƙafata ta goce. Ni na faɗi a gefe, littafin kuwa ya faɗa tsundum cikin baƙin ruwan nan mai wari.

Littafin ba namu ba ne, na laburaren kwalejin su Umma ne. Umma ta gama firamare kafin aurenta, kuma ba ta daina karanta duk takardar da ta shigo hannunta ba, ko da wadda aka ƙunso ƙosai a ciki ce. A farkon shekarun 1980, da makarantu suka cika da yara malamai suka yi ƙaranci, wata kwalejin horar da malamai mata a cikin gari ta fara ɗaukar matan aure masu jeka-ka-dawo. Umma tana da mu huɗu ta ce za ta shiga. Baba, wanda ke aiki a sashen kankare fata na wani kamfanin jima yana kuma noma gonar gado, bai yi dogon tunani ba ya ce ta je. Daga nan gidanmu ya koma tafiya da jiniyar kamfani. Kafin ta safe ta yi kuka Umma ta dama kunu, ni na share tsakar gida na ɗebo ruwa a famfon bakin titi, an miƙa autanmu Sani wajen kakarmu. Umma ta bi ayarin ma'aikata zuwa inda ake hawa motar haya ta kiya-kiya, ba za ta dawo ba sai bayan la'asar, ta tarar da tuwo yana jiran ta. 'Yan makarantar kwana sukan wuni a laburare, su kuwa matan aure ta taga suke hango kantocin littattafai suna sauri kada mota ta bar su.

Mai kula da laburaren wani dattijo ne, Malam Habu, tsohon malamin makaranta. Shi ya lura da halin da matan nan suke ciki, ya fara ba su aron littattafai ranar Juma'a su mayar Litinin da sassafe, har da waɗanda aka buga wa jan tambari cewa ba a fita da su. Bai nemi izinin kowa ba. Umma ta sha gaya mana abin da yakan faɗa in yana miƙa littafi: "Littafin da ke kulle a kabad bai taɓa koya wa kowa komai ba." Saura mako shida a yi jarrabawar fita, labarin ƙasa kuma shi ne darasin da ya fi ba Umma wahala, shi ya sa ya ba ta littafin taswirar, wanda shi kaɗai ne kwalejin take da shi. Mu yara an hana mu ko taɓa shi.

Na tsamo shi da sanda na shiga gida cikin ruwan sama, ina rawar sanyi ina kuka. Umma ba ta dake ni ba, wanda da ta yi hakan da na fi samun sauƙi. Ta karɓa ta buɗe, ta zauna a kan turmi tana duba shafukan. Da Baba ya dawo daga aiki ya ga abin da ya faru, sai ya naɗe hannun riga ya ce jiƙaƙƙen abu aikinsa ne na kullum. Ya sa aka kawo ruwa mai tsabta a daro, ya riƙa ɗauraye shafukan ɗaya bayan ɗaya a hankali yadda yake lallaba fatar ɗan akuya, yana saka tsohuwar jarida a tsakani. Wunin Lahadi kaf Umma tana bin su da dutsen guga, ni ina hura gawayi. Yawancinsu sun dawo, sai dai sun yi ja sun kumbura. Shafi biyar sun manne da juna, da aka yi ƙoƙarin raba su suka yage. Bangon ya ruɓe gaba ɗaya, Baba ya kai wa wani baduku abokinsa guntun fata ya ɗinka sabo. Wata maƙwabciya ta ba da shawara a ce a mota aka sace shi. Umma ta girgiza kai, ta dube ni ta ce: "Ke kika ɗauka, ke za ki faɗa da bakinki. Ni kuma ina tsaye a bayanki."

Ranar Litinin ban je makaranta ba. Umma ta riƙe hannuna muka hau mota, kuma a hanya ne ta fahimtar da ni girman abin: in shugabar kwaleji ta ji, Malam Habu zai iya rasa aikinsa, kuma duk matan auren nan sun rasa aron littafi ana dab da jarrabawa. Muka shiga laburaren; ban taɓa ganin ɗaki irin wannan ba. Kantoci har sama, fanka tana juyawa a hankali, ƙamshin takarda da man goge katako, ga ɗalibai cike amma ba ka jin komai sai ƙarar juya shafi. Na durƙusa gaban teburinsa na faɗi komai. Malam Habu ya cire tabarau, ya juya littafin, ya shinshina shi ya yamutsa fuska. Sai ya tambaye ni abin da nake nema a ciki har na kai shi gona. Na ce kogin garinmu nake bi da yatsa in ga inda yake zuwa. Ya ce to ina yake zuwa? Na ce yana haɗuwa da wani kogin su nufi Haɗeja, su yi ta tafiya gabas har su zube a Tafkin Chadi. Ya dubi Umma ya ce: "Malama Hajara, ashe ɗalibai biyu na ba aro ban sani ba."

Umma ta ce: "Malam, ku yi haƙuri, mun ja muku magana." Ya ce maganar dama ta daɗe tana jiran a yi ta. Ya ɗauki littafin ya nufi ofishin shugaba shi kaɗai, mu muka zauna a baranda fiye da awa guda. Daga baya muka ji cewa ya sha faɗa sosai, har da takardar gargaɗi, amma bai fito ba sai da ya gama bayanin yadda matan aure suke karatu babu littafi. Kafin ƙarshen makon aka lika sanarwa: laburare zai riƙa buɗewa ranar Asabar daga safe zuwa azahar domin masu jeka-ka-dawo, kuma aron ƙarshen mako ya zama ƙa'ida, da kati da sa hannu.

Shafuka biyar ɗin nan kuwa bai yafe mana su ba. Ya aro irin littafin daga wata makaranta na mako biyu, ya ba Umma farar takarda mai shara-shara ya ce ta kwafo taswirorin da hannunta, ni kuma in shafa musu launi. Taswirar ruwan sama sau uku yana mayar mata da ita, wai layin bai bi inda ya kamata ba. A Asabar ɗin nan matan sukan zo da goyonsu, a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, mu manyan yara muna raino muna wasan carafke da 'yar gala-gala, iyayenmu suna ciki. Malam Habu yakan haɗa su uku-uku, wadda ta iya lissafi ta zauna da wadda ta iya Turanci, ya fito musu da tambayoyin shekarun baya da ya adana a kwali. In na gama shafa launi yakan ba ni littafin labari in karanta a bakin ƙofa, ya ce in wanke hannu tukuna. Da aka gama ya ɗinke taswirorinmu a cikin littafin da zare da allura, ya mayar da shi kanta. Umma ta shiga jarrabawa ta san kowane kogi da kowane tsauni kamar lungunan unguwarmu, ta kuwa ci. Ta koyar a firamaren garinmu har ta yi ritaya.

Yanzu ni ma a kwaleji nake koyarwa. Laburarenmu ya ninka na Malam Habu girma, da na'urori da sanyin iska, ɗalibaina kuma suna iya sauke littafi sukutum a waya suna zaune a adaidaita. Ina murna da haka, domin na san wahalar da aka sha kafin a zo nan. Amma in na bi ta Challawa na ga masana'antu da yawa a rufe, gidaje sun cinye gonarmu, sai in tuna matan nan da ke fitowa da azahar, alli a yatsunsu, kowace tana kwance goyo daga bayan 'yarta tana maimaita abin da ta haddace. Littattafanmu kaɗan ne a lokacin, amma babu wanda ya kwana a kanta yana jiran mai karantawa.