Tuwon Inna, tafasata

Shekarar da gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, ina da ciki wata shida. Soja ke mulki, an rufe iyaka, maigidana ya maƙale a Kano. Daga ni sai uwarsa, Inna, a gidanmu na Matameye.

Kiyashi ne ya tona ni. Duk inda na yi fitsari sai ya taru baƙi ƙirin. Inna ta ja ni zuwa likita, ungozoma ta auna fitsarin ta ce sukari ne, in ban kiyaye ba ɗan zai yi girman da ba zai fito ba.

"Ki rage tuwo da fura. Ki ci nama, ƙwai, ganye."

Na dube ta ko wasa take. Nama? A garin da ake kwana a layin dawar taimako, soja na tsaye da bulala? Ni da na zo da yunwa, an ce abinci ya yi mini yawa. Har muka iso gida kaina bai ɗauka ba.

Tun farkon fari Inna ke tura mini tuwon gidan kusan duka, ita ta ci dafaffiyar tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli, tana cewa haƙoranta sun fi son laushi. Ashe abin da take hana cikinta shi ke cutar da jikanta.

Muka kwana biyu a haka. A na uku ta ajiye mini kwanon tafasa, ta ja na tuwo gabanta.

"'Yar nan, kin tabbata haka matar ta ce?"

"Haka ta ce, Inna. Ni ma ban gane ba."

Ta juya fuskarta ga bango ta ci, tana share hawaye. A haka wata maƙwabciya ta shigo aron wuta ta same mu. Kafin la'asar labari ya kai bakin kasuwa: tsohuwa na cin tuwo, ta bar mai ciki da ganye.

Na bi gida-gida ina bayani. Aka ce kunyar suruka ce ke sa ni rufa mata asiri. To, wa zai yarda? Ni kaina ina cin ganyen ina shakka.

Na haihu lafiya, namiji. Ranar suna mata suka yi ta yi mini barka, suna wuce Inna da gaisuwar fatar baki. Tana zaune a bakin ƙofa da jaririn a cinya.