Ranar Da Na Kai Turawa Biyu Kallon Damben Yayana

Ko da tsufa zai kwashe mini tunani, ba na jin zai iya ɗauke ranar da na kai wasu Turawa biyu kallon dambe a bayan garin Kura. Lokacin ina malamin gona, aka haɗa ni da su in riƙa yi musu tafinta, sun zo duba hanyoyin ruwan da ke ratsa gonakinmu daga Kadawa zuwa Bunkure. Ɗaya Ba'amurke ne, ƙato mai yawan dariya. Ɗayan ɗan Ingila ne, siriri, ba ya magana sai an taɓo damben zamani.

To, nan fa suke raba gari. Kullum a mota sai sun yi musu. Ba'amurken ya ce su a ƙasarsu shagali ake zuwa kallo, a ci ado, ɗan dambe ya cika baki, kuma in ba a kayar da wani ba, ko ɗan garinku ne sai a yi masa ihu. Ɗan Ingilan ya ce su kuwa nasu suke bi, su cika jirgi su raka shi wata ƙasa, suna waƙa tun daga farko har ƙarshe, ya ci ko an ci shi.

"Dole ku yi ta waƙa mana," in ji Ba'amurken, "tunda kun saba shan kashi."

Wata rana suka juyo kaina, wai mu fa? Bakina ya riga hankalina, na ce yayana ɗan dambe ne, kuma ranar Juma'a zai yi wasa. Suka ce sai sun je. Nan da nan na yi da na sani. Yayan nawa mahauci ne, shekaru sun fara ja, ga shi zai kara da wani matashin manomi daga Bunkure wanda ya kayar da duk wanda ya tare shi a kakar nan. Ban da wannan, a gaskiya kunya nake ji, ina ganin za su raina mana fili babu kujera babu fitila.

Da na gaya wa Yaya, sai ya yi murmushi. "Kawo su mana, Malam. Faɗuwa ai ba a kaina aka fara ba."

Bayan la'asar muka isa filin da aka gama bugun shinkafa, jama'a ta yi da'ira, kalangu na tashi. Yaya ya fito da hannunsa na dama a ɗaure da zare, ya ɗaga shi sama yana kirari. Ba'amurken ya daka tsalle, wai wannan cika bakin irin nasu ne. Da mutanen Kura suka ɗauki amshin waƙar makaɗi, sai ɗan Ingilan ya dafa ni, ya ce a'a, waɗannan 'yan'uwansa ne.

Turmin farko, wato zagaye na farko, aka tashi babu komai. A na biyu matashin ya sami Yaya a baki. Na ga jini, na ga yayana yana tangaɗi, amma bai taɓa ƙasa ba. A na uku matashin ya taho da ƙarfinsa duka, Yaya ya goce, ya shirga masa a muƙamuƙi. Gwiwar matashin ta dira ƙasa, fili ya kaure da "Ya kashe shi!"

Don murna na fassara musu maganar yadda take. Ɗan Ingilan ya zaro ido yana neman likita, sai da na yi masa bayani cewa a dambenmu kisa shi ne a kai mutum ƙasa, kuma daga nan wasa ya ƙare.

Yaya bai tsaya karɓar tafi ba. Ya sunkuya ya ɗaga matashin, ya kakkaɓe masa jiki, ya riƙe hannunsa sama yana yi masa kirari. Mutanen Bunkure da kansu suka shigo suna gaisawa da shi.

Ba'amurken ya matso, ya ce in tambayi Yaya me ya sa ba za a bar yaron ya tashi a ci gaba ba, tunda da sauran ƙarfinsa. Yaya ya tofar da jini, ya ce, "Gaya masa jibi yaron yana da dashen tumatir. In na nakasa shi, wa zai ba gonarsa ruwa? Kuma ƙofar ruwa ɗaya muke sha da mahaifinsa."

Na fassara. Sai Ba'amurken ya cire hularsa ya miƙa wa Yaya hannu biyu. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na wannan lokacin ba.

Yanzu Yaya ya daina dambe, yana nan yana sayar da tsirensa. Abin da na koya daga gare shi ranar shi ne, ƙarfi kowa na iya samu, amma jarumi shi ne wanda ya san inda zai tsaya, ya tuna cewa wanda ya kayar yau maƙwabcinsa ne gobe.