Akurki Daidai da Hannunta

A tasha Sannu-Sannu ake ce masa, domin duk shekarun da ya yi yana tuƙa tirela ba a taɓa ganin ya yi tsere da kowa ba. Ya san kowane rami da kowace kwana a kan hanya, amma a gidansa kusan baƙo ne. Ya zo ya kwana biyu, ya yi cefane, ya kama hanya. Matarsa, wadda yake kira Innar yara, ita ta riƙe gidan har 'ya'ya suka girma suka watse. Ta sha yi masa maganar a yi mata ɗakin kaji a bayan gida, shi kuwa kullum sai ya ce sai ya samu sarari.

Bai daɗe da ajiye tuƙi ba ta faɗi a bakin famfo. Da aka sallamo ta daga asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma sai da ƙyar. Aka sayo mata keken zama. Takan wuni a baranda tana kallon bango, ko an kunna mata rediyo ba ta kula.

Wata rana kazar maƙwabta ta tsallako katanga ta shiga tono a gaban baranda. Innar yara ta gutsuri burodin da ke cinyarta da hannun hagu ta jefa mata. Da kazar ta matso har gindin keken, sai ya ji ta yi dariya, abin da ya daɗe bai ji ba. Ya tashi ya ɗauko sanda ya nufi filin da ke bayan gidan.

Zanen da ya yi a ƙasa ya cinye rabin filin. Autarsu, wadda ke zuwa daga gidan mijinta tana taya su wanki, ta tsaya tana kallo.

"Baba, kaji za a sa a nan ko tirelar za ka dawo da ita?"

"Su ma ai suna son walawa," in ji shi.

Kafintan unguwa da aka kira ya ce 'yan kajin da ake magana, sulusin wannan ya ishe su, a dai bar musu filin tono a kewaye da raga saboda shaho da muzuru. Suka amince a jingina akurkin da katangar yamma. Sai suka ji ana buga hannun keke. Innar yara ce, tana girgiza kai.

"Ruwa," ta ce. Ta ɗan huta, ta ƙara da cewa, "Rana."

Auta ce ta fassara. Da damina nan ruwa ke taruwa har ya kai idon sawu, da bazara kuma katangar kan ɗau zafi har bayan la'asar. Sannu-Sannu ya dubi gindin katangar. Shi ya gina gidan nan da guminsa, amma bai san inda ruwa ke kwanciya a cikinsa ba. Ya tura keken a hankali yana zagaya filin da ita, har ta ɗaga hannu a gindin bishiyar gwaiba, inda akwai tudu da inuwa.

Daga ranar ba a yanke katako ba sai an gwada da ita. Ya sa aka ɗora akurkin a kan ƙafafu masu tsayi, yadda gwiwoyinta za su shige ƙarƙashi in ta matso. Akwatin da kaji za su riƙa yin ƙwai ya ce a buɗe shi ta waje, ta gefen hagu. Murfin farko ya yi mata nauyi, ya faɗo ya kusa matse mata yatsu.

"Baba, in na sa marar nauyi, iska za ta riƙa ɗaga shi," in ji kafinta.

"Sa marar nauyin, ka yi masa sakata. Amma wadda yatsa ɗaya zai ja."

Shi da kansa ya kwaɓa siminti ya yi siririyar hanya daga baranda zuwa gindin gwaibar. Ba ta fito a miƙe ba, amma taya na bi.

Da aka kawo kajin, suka ƙi akwatin sam, suka riƙa yin ƙwai a ƙarƙashin akurkin, sai ya durƙusa da tsofaffin gwiwoyinsa ya lalubo. Ita ce ta nuna masa ya zuba busasshiyar ciyawa a ciki, ya bar ƙwai ɗaya, ya rataya tsumma a bakin don wurin ya yi duhu. Ba a jima ba suka koma.

Yanzu kowace safiya yakan tura ta zuwa wurin, ta ja sakata ta kwashe ƙwan a gefen zane, shi kuma ya share kashin kaji ya sake ruwa. Maganarta ba ta dawo duka ba, likita ma bai yi alkawari ba. Amma ta dawo daidai yin faɗa. Makon jiya yana cikin shara ta nuna lungu da haɓa.

"Malam, can. Ka bar can."

Ya ce to, ya koma da tsintsiya.