Yashi a Faten Acca

A shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo ƙasar nan, har mutane suka yi ta cika jirgin ƙasa daga Kafanchan zuwa Kaduna don su gan ta, a shekarar ne aka ɗauke ni gwajin wata uku a wata kwalejin horon malamai da ke gindin duwatsun Kagoro. Aikin shi ne sayo abincin ɗalibai. In na iya a tabbatar da ni, in na kasa in koma gida. Ina da mata da jariri, ban da allo da ajami kuwa sai ɗan bokon yaƙi da jahilci, don haka kullum kamar a kan ƙaya nake.

Babban akawun kwalejin, wani dattijon coci ɗan ƙasar, shi ya kai ni kasuwa ranar farko. Ya nuna mini masu doya da masu manja da mahauta, sannan ya tsaya gaban wata tsohuwa 'yar Madakiya mai sayar da acca, ya ce, "Mama, ga sabon ɗanki. Bai san komai ba."

"Ai ga shi nan a fuskarsa," in ji ta.

A kasuwar nan na yi karatu na biyu. Mai doya ya koya mini karce ɓawo da farce, wata Bafillatana ta koya mini gane nonon da aka tsinka da ruwa. Amma Mama ce babbar malamata. Ta ce yashi da ƙwayar acca girmansu ɗaya, ido ba ya raba su, sai haƙori.

"Kada ka ɗiba a bakin buhu, Malam. A bakin buhu kowa mai gaskiya ne. Zura hannu har gwiwa, ka ɗebo ta ƙasa, ka tauna."

Tata accar sai ta rege ta a rafi da ƙwarya biyu, ta sake, ta sake, kafin ta shanya a falalen dutse. Ta fi ta kowa tsada, kuma ba ta ragi.

Da wata na uku ya kama, sai na ƙagu in nuna wa akawu ni ma na iya ciniki. Wani falke a bakin tasha ya yi mini tayin buhu uku da araha. Jirginsa na shirin tashi, yana ta gaggauta ni, na ɗebi ta sama na tauna, na biya. Na sa aka kai sito.

Ranar Lahadi kuku ya yi fate. Ina daga bakin kicin na ji cokula sun yi tsit, sai kuma aka fara buga kwanuka a tebur. Wani ɗalibi ya fito riƙe da kunci, ya tofar da guntun haƙori a gabana. Ranar babu wanda ya ci abincin rana.

Akawu ya kira ni, ya ce in kawo takardar da nake rubuta wuraren da na yi sayayya. Da ajami nake rubutawa, shi kuwa ba ya karanta shi. Ya miƙo mini.

"Karanta, Malam. Accar nan ta wane ce?"

Ga falke da tasha a rubuce da hannuna. Na dubi baƙaƙen da na koya a kan allo, na ce, "Inda muka saba ne, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana girgiza kai. Ya aika kuku kasuwa ya gaya wa Mama kwaleji ta daina sayen kayanta, kuku kuwa ya faɗa da ƙarfi, duk layin ya ji. Mako biyu bayan haka aka tabbatar da ni.

Ban ji daɗin aikin ko na yini ɗaya ba. In na tayar da salla sai in rasa raka'a nawa na yi, kullum ina cikin ƙabli da ba'adi. In na shiga kasuwa sai in zaga ta wajen mahauta don kada in bi layin acca. Duk da haka ina hango ta daga nesa, ƙwaryarta a cike har la'asar, mata na wuce ta suna nuna ta da baki. Matata ta tambaye ni ko ciwo nake yi. Na ce gajiya ce. Na kama hanyar Madakiya a keke sau biyu, sau biyu ina juyowa daga gada.

Wata Litinin da safe na shiga ofis, na ajiye takardar a gaban akawu, na karanta masa ita yadda take. Bai ɗaga murya ba. Ya ce na koma gwaji, wata uku daga fari, in na kuskure ko da mudu ɗaya ne in tafi.

"Wannan tsakanina da kai ke nan. Sunan Mama kuwa a kasuwa aka ɓata shi. Ɗauko hularka."

Muka tsaya a tsakiyar layin acca, rana ta take. Na faɗi abin da na yi. Wata daga can ƙarshe ta ce ba su ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi, har masu manja suka leƙo.

Mama ba ta dube ni ba, tana ta korar kaji daga tabarmarta.

"Tun ranar na sani," in ji ta. "Wa zai sayi accata buhu uku ni ban sani ba? Na ce bari in ga ko wannan Malam da carbi kawai ya iya."

Layin ya fashe da dariya. Na durƙusa na ce, "Mama, ki yafe mini don Allah."

"Sun ji?" Ta juya ga maƙwabtanta.

"Mun ji!"

"To, na karɓi abina. Na yafe. Tashi, ɗana, ka tare mini masu saye."