Baba Ya Aike Ni Kasuwa

A shekarar da soja suka koma bariki, kowa a Kakuri yana murnar mulkin farar hula, ni kuwa lissafi ne ya hana ni sakat. Ba nawa ba, na 'yata ta fari. Shekarunta tara, ta riga ta maimaita aji uku, kuma in ka ce mata bakwai a tara da biyar sai ta zuba maka ido kamar ka zage ta. Mahaifinta, wanda ke aiki a masaƙa, ya yanke hukunci: in ta sake faɗuwa, makaranta ta ƙare, zai kai ta wurin yayarsa a Tudun Wada ta koyi ɗinki. Shi kuwa mutum ne da ba ya magana biyu.

Na yi iya yina. Na gwada da tsinken tsintsiya, na gwada da murafen kwalba, na gwada da tsawa, wadda ita na fi ƙwarewa a kai. Duk a banza. Da ta ga na ɗauko littafi sai hawaye.

Gidan haya muke zaune. A ɗakin ƙarshe akwai wani dattijo Kirista daga Filato da ya yi ritaya daga masaƙa, kowa Baba yake ce masa. Bayan la'asar yaran gidan kan taru a ƙofarsa, ni kuma ban taɓa leƙawa ba, tunda sun bar ni na huta.

Wata rana ina tuƙa tuwo yarinyar ta shigo da gudu, bakinta har kunne.

"Umma, yau Baba ya aike ni kasuwa sau huɗu, amma duk da haka na ci shi!"

Kasuwa sau huɗu kawai na ji. Kafin ka kai kasuwarmu sai ka tsallaka babban titi inda tankokin mai ke gudu, ni ko gishiri ba na aikenta. Na yar da muciya na fita, tun daga tsakar gida nake ɗaga murya, ina tambaya wa ya ba shi 'yar aike.

Na tarar da shi a kan tabarma, yara sun kewaye shi, kati a hannun kowa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya nuna tulin katin da ke kife a tsakiya.

"Ɗiyata, ga kasuwar nan. Wasan kati muke yi, Wot. In ba ka da katin jefawa sai a ce je ka kasuwa, ka ɗauki ɗaya."

Yara suka fashe da dariya. Matar maƙwabcinmu da ke shanya ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Da ina da hankali da na taya su dariyar, magana ta wuce. Amma kunya ta kama ni, ni kuwa kunyata fushi take komawa. Na rasa laifin farko, sai na nemo na biyu, kuma bai yi wuyar samu ba. A gidan da na tashi karta caca ce, ba ta da wani suna. Na ga ƙanen mahaifina ya rasa kekensa a kanta.

"Caca kake koya mata?"

"No be gamble, ɗiyata, ba caca ba ce, ko kwabo babu. In wasa ya ƙare kowa yana tara lambobin da suka rage a hannunsa, kati mai tauraro a ninka shi. Ita ce ke tara na kowa yanzu. Ki tambaye ta mana."

Ban tambaye ta ba. Na ce masa in a garinsu karta tarbiyya ce, a wurinmu ba haka ba ne. Da bakina na faɗa wa sa'an mahaifina wannan. Na ja hannunta, na rantse in na sake ganin ta a kan tabarmar nan sai na karya mata ƙafa. Saura sati biyar jarrabawa.

Ta yi biyayya, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Tana jin sauran yara suna ihun "ɗauki biyu" sai ta zauna a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Baba bai daina gaishe ni ba, ni kuma ina amsawa sama-sama. Muka koma ga tsinken tsintsiya da tsawa.

Ta faɗi. Na roƙi mahaifinta, na sa an roƙe shi, ya ce magana ta ƙare.

Ranar tafiya da hantsi ina ninke mata kaya na ga takardar jarrabawar a aljihun rigar makarantarta. Sakamakon kawai na gani a baya, ban ga takardar ba. Na buɗe. Rabin sama tarawa ne, kuma kowace tambaya malamin ya yi mata alamar daidai da jan biro, babu kuskure ko ɗaya. Yarinyar da bakwai da biyar ke sa ta kuka! Rabin ƙasa ɗebewa ne, ba ta rubuta komai ba.

Na ce, "Me ya sa ba ki taɓa waɗannan ba?"

Ta ce, "Ranar da kika zo, Baba ya ce sai sati mai zuwa za mu fara ɗebewa."

Ba da zargi ta faɗa ba, amsa kawai ta ba ni. Na zauna a bakin gado. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan safiya ba, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi sai kaina. Na fita da takardar na nuna wa mahaifinta, ya duba, ya ce rabi ba ci ba ne, mota na jira.

Ta ɗauki jakarta, ta durƙusa ta yi mini sallama. Daga ranar ba ta sake shiga aji ba.