Farar Miyar Koriya a Kwanon Yaya

Ku matso, ku ara mini kunne. Ga ta nan tafe, kuma a gidana aka yi ta, a Haɗeja.

Tun da maigida ya rasu, duk Babbar Salla nakan aika wa yayarsa kwano a Guri. Da shi take auna ko gidan ƙaninta na nan tsaye. In miya ta yi mai, ta yi shiru. In ba ta yi ba, sai duk dangi sun ji.

Sallar bara jikata ta dawo daga karatu a Kano, idonta bai rabuwa da finafinan Koriya a waya. Ta ce ita za ta yi miyar, irin wadda mutanen Koriya suke sha ran bikinsu.

Na ba ta ƙashin rago da shinkafar tuwo. Ta niƙo, ta turara, ta mulmula dogo-dogo, ta yayyanka kamar kwabo. Ƙashi kuwa tun hantsi yake tafasa har azahar, sannan ta zuba yankakkiyar shinkafar a ciki. Na leƙa tukunya, na ga ruwa fari fat.

"Ke 'yar nan, ina manjan?"

"Ba a sa wa, Kaka."

"Daddawa fa?"

"Tsohuwa, ki koma inuwa. Haka suke sha."

"Su ba su da dangin miji ne?"

Tana tafiya alwala na tashi. Na zuba manja, na marmasa daddawa, na jefa attaruhu da bandar kifi, na sa muciya na tuƙa yadda hannuna ya saba. Ashe abin ba ya son tuƙi. Yankakkiyar shinkafar nan duk ta dame, ta koma wani jan abu mai kauri, shi ba fate ba, shi ba kunu ba.

Ta dawo ta tsaya a kan tukunyar. "Kaka! Wuni guda fa!" Sai hawaye.

Mai babur ɗin da zai kai kwanon Guri yana ƙofa yana ta hon, ba sauran ƙashi, ba lokaci. Na zuba a kwano na ɗaure.

Yaya ta mayar da kwanon ba ko goro a ciki, ta gaya wa dangi hannuna ya tsufa, har yau tana faɗa. Yarinyar ta yi kwana uku ba ta kula ni ba, yanzu a makaranta take dafa abinta. Ni kuwa bana surukata, matar ɗana, aka ce ta yi miyar Guri, ina zaune ina kallo.