Ranar da Baba Ya Riƙe Hannun Alhaji a Aswan

Shekarun baya na kai mahaifina Masar aka yi masa aikin ido. Da ya warke, sai muka bi wasu 'yan Gombe da muka haɗu da su a masauki zuwa Aswan, ganin inda mutanen zamanin Fir'auna suke sassaƙo dutse. Ni dai hoto ya kai ni, har sabuwar shadda na saka.

Baba kuwa shekara talatin ya yi yana fasa dutse a bayan unguwar Malam Inna a Gombe, da shi ya biya mana kuɗin karatu. Muna isa wurin wani ƙaton ginshiƙi da ya tsage tun ba a gama shi ba, aka bar shi kwance, sai ya durƙusa yana shafa sawun aikin. Ya ce, "Wanda ya yi nan ya san dutse. Ranar da ya tsage, na san bai ci abinci ba."

Cikinmu akwai wani Alhaji, tsohon darakta daga unguwar Arawa. Ya ce, "To Malam, ka tarar da 'yan'uwanka leburori! A nemo maka guduma ne?" Aka kwashe da dariya. Baba ya ci gaba da shafa dutsen.

Can sai Alhaji ya zaro makulli ya fara karta sunansa a jikin dutsen. Baba ya damƙe masa hannu. "Alhaji, ba kai ka yi zufar nan ba. Mayar da shi aljihu."

"Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani. Ni na kai dutsen harsashin gidanka."

Mai gadi ya taho da gudu, ya yi wa Alhaji tas da Larabci. Ni kuma, mai digiri, me na yi? Na russuna na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, tsufa ne." A gaban Baba na faɗa. Ya dube ni da idon da aka gyara masa.

Alhaji har yau ba ya amsa gaisuwata, ban kuma damu ba. Haushinsa na nan, amma na kaina ya fi. Baba ya rasu bara. Sau biyu na nemi gafararsa kan maganar nan, sau biyun yana cewa wai ranar bai ji abin da na faɗa ba. Ya ji.